Tallar Cincin a Keken Lokuwa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na so ƙasa ta tsage in shige a ƙofar gidanmu ba, kuma duk a kan cincin. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi, ko da ni kaɗai ce a ɗaki.

Ƙanwata Godiya ce mai sana'ar. Ta gama sakandare, makarantar gaba ba ta samu ba, sai ta fara soya cincin a tsakar gidanmu da ke unguwar Lokuwa a Mubi tana ɗurawa a robobi. Baba bai ɗauki abin da muhimmanci ba. Ya ce in Kirsimeti ta zo ba a ga inda sana'ar ta dosa ba, Godiya za ta tattara kayanta ta tafi Yola gidan ƙanwarsa, ta taya ta rainon yara. Godiya kuwa ko sunan tafiyar ba ta son ji. Masu sayen nata ba su wuce ɗaliban da ke haya a layinmu ba, su ma sai ranar da suka ga dama.

Ni ce babba, kuma ni ce mai baki a gidan (Mama takan ce tun ina goye nake gardama). Sai na ɗora wa kaina aikin ceto ta. Na sha jin ana cewa babu tallar da ta kai ta baki, wato mutum ya ci ya gaya wa wani, wani ma ya gaya wa wani. Ni dai a ganina zaman jiran mutane su fara magana da kansu ɓata lokaci ne. Me zai hana in fara musu maganar?

Na jawo Rahila, 'yar ƙanen Mama, wadda ita ma zaman gida ya ishe ta. Ga yadda muka tsara. In mun taso daga kasuwa ita za ta fara shiga keke napep, ni in tsaya gaba kaɗan in tare shi, mu zauna kamar ba mu taɓa ganin juna ba. In an soma tafiya sai in buɗe robar cincin in jefa ɗaya a baki, in lumshe ido. Ita kuma ta ce, "Baiwar Allah, don Allah ina kika samu wannan?" Ni kuma in kwararo bayani da ƙarfi, har mai keke ya ji. Wata ran keken yakan cika kafin ya iso inda nake, sai in ga Rahila ta wuce tana leƙe kamar an sace ta. Godiya ba ta san muna wannan aikin ba, don da ta sani da ta hana.

Akwai kuma abin da ban taɓa gaya mata ba. Cincin ɗinta yana da tauri. Daɗi kam akwai, ƙamshi akwai, amma in ka tauna sai ka ji ƙarar har cikin ƙwaƙwalwa. Duk sanda ta miƙo mini ta ce, "Adda, ya kika ji?" sai in ce ya yi. Tausayinta nake ji, ga Baba ya sa ta gaba, ba na so in ƙara mata. A keke ma ba taunawa nake ba, tsotsa nake yi kamar alawa.

Ranar da abin ya faru, da na tare keken na tarar da Rahila a tsakiya, a ɗaya gefen kuma wata Hajiya ce babba, da mayafi mai tsada da zobba a yatsu. Waya take yi da Fulatanci tun kafin in shiga. Da ɗan Fulatancina na kasuwa na tsinci cewa daga Maiha take, kuma maganar biki ake yi. Biki fa. Na taka ƙafar Rahila a hankali.

Hajiya na ajiye waya muka fara. Rahila ta yi tambayarta, ni kuma na saki baki.

"Wata yarinya ce a Lokuwa, Godiya sunanta. Ni ban ma san ta ba, a gidan suna aka ba ni na ɗanɗana, tun daga nan ban ƙara sayen na kowa ba."

Hajiya ta juyo. "Godiya ta Lokuwa?"

Ai sai na ji kamar an zuba mini fetur. Na ce ita fa. Na ce daga Yola ake aikowa a saya. Na ce har Kamaru ana tsallakawa da shi ta Belel (cincin ɗin da bai taɓa wuce bakin layinmu ba, a sanina). Na ce in mutum bai yi magana da wuri ba ma ba ya samu. Hajiya ta gyaɗa kai.

Da a nan na tsaya, da ƙila na tsira da sauran mutuncina. Amma daɗin nasara ya ɗebe ni. Na kara wayata a kunne kamar an kira ni, na juya harshe zuwa yarenmu na Gude, alhali da Rahila nake. Na ce wannan Hajiyar ta kamu, da gani akwai abin hannu, kada mu bari ta kuɓuce. Rahila ta toshe baki da gyale tana kallon titi. Ganin tana shan dariya sai na ƙara. Na ce Allah ya sa dai baƙin bikin suna da haƙora masu ƙwari, don abin nan da tsakuwa bambancinsu sukari ne kawai.

A tsarinmu nakan sauka kafin a kai gida. Ina shirin cewa mai keke ya tsaya, sai Hajiya ta riga ni magana.

"'Yata, tunda kin san wurin, ki raka ni mana. Dama can zan je."

Dole na ce to. Rahila ta ce a sauke ta a bakin famfo, ta sauka ta bar ni (har yau ban gama yafe mata ba). Ni da na ce ban san Godiya ba, ni ce na riƙa nuna wa mai keke kwana, har muka tsaya a ƙofar gidan da aka haife ni. Addu'ata ɗaya, kada a samu kowa a waje.

Mama na zaune a bakin ƙofa tana tsince wake. Ta ɗago ta ce, "Sai yanzu? Ina manjan da na aike ki?"

Na tsaya da roba a hannu kamar an dasa ni. Hajiya ta dube ni, ta dubi Mama, sannan ta buɗe baki ta gaishe ta da Gude. Ba irin namu na 'yan gari da muke haɗawa da Hausa ba, Gude tsantsa irin na kakata. Ta tambayi gida, ta tambayi gona, ta ce mahaifiyarta 'yar Gella ce, ita kanta a can ta yi ƙuruciya. Mama sai murna take ta samu 'yar uwa, ta shimfiɗa tabarma. Ni kuwa ina tsaye ina tuno duk kalmar da ta fito daga bakina a keke, ɗaya bayan ɗaya.

Aka kira Godiya, ta fito hannunta duk fulawa. Hajiya ta ce 'yarta da ke karatu a nan Mubi ce ta kai musu cincin ɗin Maiha da hutu, ƙannenta suka cinye suna neman ƙari. Yanzu za ta aurar da babbar 'yarta, shi ya sa ta taso da kanta ta ga mai yin. Wato maganar da nake ganin ba za ta taɓa tafiya da kanta ba, ta riga ta je Maiha ta dawo da mai saye, ni ina can ina wasan kwaikwayo.

Fuskar Godiya ta cika da fara'a. Sai Hajiya ta nuna ni da haɓa.

"Amma yayarki ta rikita ni. Da Hausa ta ce har Kamaru ake kaiwa. Da Gude ta ce tsakuwa ne da sukari. Wanne zan ɗauka?"

Mama ta daina tsintar wake. Godiya ba ta dubi Hajiya ba, ni ta duba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. A hankali ta ce, "Adda, kullum fa ina tambayarki."

Kunya iri-iri na sha a rayuwata, amma ban taɓa jin irin wannan ba. Ƙaryar keke ma ba ta dame ni kamar wannan 'yar maganar ba.

Hajiya ta karɓi robar daga hannuna ta ɗauki ɗaya ta tauna, duk muka ji ƙarar. Ta ce yara ba ruwansu, amma bikinta tsofaffi ne za su cika shi. Ta ce Godiya ta sake wani ta aika mata Maiha, in ya yi laushi aikin nata ne, in bai yi ba za ta nemi wata. Da za ta tafi ta yi wa Mama sallama da Gude, ni kuma ta ce mini da Hausa, "Sai an jima, baiwar Allah."

Godiya ta yi kwanaki ba ta kula ni. Tana ta kwaɓi tana soyawa, ta ƙara wannan ta rage wancan, in ta kwashe sai ta ajiye mini a faranti. Na farko na ce da tauri. Na biyu ma na ce da saura. Sai da muka kai wanda na tauna ban ji komai a kunnena ba, sannan ta ɗura ta ba direban Maiha. Hajiya ta ba ta aikin, daga bikin nan wasu suka biyo baya, Baba kuma bai sake tayar da zancen Yola ba.

Labarina ma ya yi tafiyarsa ba tare da taimakona ba. Mama ta gaya wa matan zumunta, mai keken ya gaya wa 'yan uwansa, har yau akwai wanda in na tare shi yakan ce, "Anti, yau wa za mu yaba?"

Abin da na koya bai da yawa. In abin ƙanwarka yana da gyara, ka gaya mata a tsakar gida tun kafin baƙo ya gaya mata a gabanka. In kuma gulma ta ci ka a keken Mubi, ka haɗiye ta har ka sauka, don ba ka san garin uwar wanda ke gefenka ba.