Kamu Biyar na Dadong Rinten

"Lafiya lau na kwana, ban da ɓarnar da na tashi na tarar a filina," in ji Dadong Rinten, tana hararar igiyoyin da jikanta Lodra ya ɗaɗɗaure a turaku.

Yau malamin ibada ya zaɓa a kafa harsashin sabon ɗakinta, kuma kafin rana ta take tsaka. In lokacin ya wuce sai bayan wata uku, ga damina a bakin ƙofa, ga tsohon ɗakin yana yoyo kamar rariya. Maƙwabta sun jeru da duwatsu a ka, kusurwa kuwa ta ƙi zama.

"Amarya, koma inuwa kada ki narke," in ji Lodra. "Wannan aikin 'yan boko ne."

"Bokon ne ya wage wa ɗakina baki haka? Ko makaho ya shafa kusurwar nan ya san ta buɗe."

"Uku nan, huɗu nan, biyar a karkace daga baki zuwa baki. Haka lissafin yake tun kafin ki yi haƙora, balle ki zubar da su."

"Guda biyun da suka rage sun isa cizonka. Kakanka bai taɓa riƙe biro ba, ɗaki goma sha biyu ya tayar da uku-huɗu-biyar ɗin nan. Kai kuwa, mijin jeka-na-yi-ka, ɗaya ya gagare ka."

Lodra ya dubi inuwarsa, ta kusa shigewa ƙarƙashin ƙafafunsa. Tsohuwa ta matso kusa da shi.

"Da me ka auna?"

"Da sandar kamunki mana," ya ce, don a garin da hannun mai ɗaki ake auna ɗaki, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. "Jiya na auna uku da huɗu da ita. Da safe na neme ta na rasa, sai na auna biyar ɗin da hannuna. Kamu ai kamu ne."

"Kamu kamu ne! Da wannan zungureren hannun naka na tsinko kwakwa? Gefe biyu nawa, na ukun naka, ka ce su gaisa? Matsa!"

Ta durƙusa, gwiwoyi na ƙara, ta shimfiɗa hannunta a kan igiya.

"Ɗaya. Biyu. Ja da kyau, raggo! Uku. Huɗu. Biyar. Ƙulla nan."

Ya ƙulla, ya tumɓuke turke ya matso da shi wajen ƙullin. Kusurwa ta zauna daram. Aka dire dutsen farko da sauran inuwa kamar faɗin tafi.

Lodra ya zube a ƙasa yana dariya. "Na sallama, amarya. Amma duk wanda ya ɗauke sandar nan, da ni yake zancen."

Dadong Rinten ta kwance gefen zaninta, ta miƙa masa ƙunshin shinkafa a ganyen ayaba.

"Ci da ɗuminta, maigida. Iccen da ya dafa ta kamu ɗaya ne cif."