Rasuwar Lalla Hamra, Rakodar da Ba Ta Gaggawa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma da kai a ɗage kamar yadda aka san ta, Gizlan Sabti, ɗalibar ajin ƙarshe a sashen harhaɗa magunguna, tana sanar da 'yan uwa, da abokan karatu, da maƙwabtan unguwar Darb Sultan masu yawan ƙorafi, rasuwar rakodarta, Lalla Hamra, wato Uwargida Ja. Ta cika ranar Talata da hantsi a saman bene, tsakanin igiyoyin shanya, da kaset a cikinta. Shekarunta goma sha ɗaya a duniya, bakwai daga ciki a hannun mai wannan sanarwa.

Marigayiyar haihuwar ƙasar waje ce. Kawu Bushayib ne ya zo da ita Kazablanka daga Faransa, naɗe cikin tawul, don Kaka ta riƙa jin wa'azi. Kaka ta dube ta sau ɗaya ta ce, "Abu ja wur haka? Ni za ka mayar 'yar biki?" Ta tura ta ƙarƙashin gado. A can Gizlan ta tsince ta bayan shekara huɗu, ta kakkaɓe ta, tun daga ranar ba su sake rabuwa ba.

Duk wanda ya zauna da ita ya shaidi halinta. Ba ta taɓa taune kaset ɗin aro ba, na gida kawai take ci, shi ma sai an ɓata mata rai. Maɓallin mayar da kaset baya ya riga ta barin duniya da shekara biyar, ta haƙura, da biro ake mayar mata da shi. Murfinta da robar ɗaure gashi yake riƙe. In batir ya gaza, a shanya shi a rana kusa da barkonon Kaka, ta karɓa ba ƙorafi. Kafin kowace waƙa takan ce "ƙas", sannan "shhhh", kamar dattijuwa mai neman a nutsu kafin ta yi magana.

A gabanta Gizlan ta koyi kiɗan rok, da ƙaninsa da ake kira sabon yayi. Kasa-kasan kwafin kwafi ne, sunayensu sun goge tun a hannu na uku, sai ta raɗa musu nata. Hukuncinta a kan kowanne tana rubuta shi a bayan littafin sinadarai, ta karanta wa jama'a a ɗakin cin abinci na jami'a. Masu Gashin Doki, in ji ta, mai jitarsu yakan yi minti tara yana faɗin abin da butar shayi take faɗa a minti ɗaya. Kaset ɗin da aka ɗauka a dandalin wasa, rabinsa tafin mutanen da ba ka sani ba ne. Gefen farko na kowane kaset don gidan rediyo aka yi shi, gaskiyar mawaƙi tana gefe na biyu. An yi ta musu da ita, an yi fushi, an shirya. Abu ɗaya kowa ya sani: Gizlan ba ta taɓa janye hukunci ba.

Babban hukuncinta yana kan kaset ɗin da ta raɗa wa Mai Ruwan Toka, na wasu Turawan Ingila 'yan sabon yayi. Ta ce ba a taɓa yin waƙar juriya kamarsa ba. Muryar mawaƙin ƙasa-ƙasa take, mai nauyi, kamar ta mutumin da ya ɗauko buhu yana hawan tudu, ya kuma rantse ba zai sauke ba.

Ɗan gwaggonta Diris, da ke karatu a Rabat, bai taɓa yarda ba.

"Wallahi, 'yar Kawu, kiɗan rawa ne. Mun taka shi a Rabat har takalmina ya buɗe baki."

"Kai ko injin niƙa aka tayar, rawa za ka yi."

"To, Lalla likita. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Shekara huɗu suna wannan.

Ya kamata masu ta'aziyya su san dalilin da ya sa ba ta sassauta ba. Shekarar da Gizlan ta faɗi jarrabawar aji biyu, Gwaggo Zuhur, mahaifiyar Diris, ta zo har gida ta faɗa a gaban kowa: "Karatu da gwangwani a kunne? Ku saya mata keken ɗinki, ku huta." Gizlan ta ɗauki littattafanta da Lalla Hamra ta hau bene. Kullum bayan azahar, wata goma cur, bas biyu zuwa jami'a, bas biyu dawowa, sannan bene. Da sanyi da zafi, mutumin nan na cikin Mai Ruwan Toka yana hawan tudunsa, ita ma tana hawan nata. Bai sauke ba, ba ta sauke ba. Ta maimaita ajin, ta fito ta biyu. Gwaggo Zuhur ta ce dama ita ta san yarinyar da kai.

Ciwon ajali ya fara ne a watan jiya. Muryar marigayiyar ta ƙara yin ƙasa, tana ja kamar mai jin barci. Ranar Talata, ana tsakiyar gefe na biyu, ta ce "wuuuu", ta ce "ƙas", ba ta ƙara ba. Aka garzaya da ita kasuwar Darb Gallaf wurin Si Jilali mai gyara. Diris ne ya rungumo ta, don ranar yana gari, kuma za a faɗi gaskiya, ya riƙe ta da mutunci.

Si Jilali ya kwance ta, ya sunsuna, ya girgiza kai. Ya ce injin ya ƙone. Sannan ya zaro wata 'yar baƙar roba da tsinke, ya ɗaga ta sama, tana reto kamar taliyar da ta wuce dahuwa.

"'Yata, wannan ce take juya kaset. Ta saki tun tuni, shekara bakwai ko takwas. Duk abin da kika ji a cikin baiwar Allahn nan, a hankali kika ji shi."

Don a ga ko kaset ɗin ya tsira, ya cire Mai Ruwan Toka ya sa a tasa rakodar. Ganga ta ɓarke da gudu. Wata siririyar murya ta fito tana tsalle, ta saurayin da bai taɓa ɗaukar ko jakar cefane ba. Mai sayar da lemo a rumfar gefe ta fara kaɗa kafaɗa.

Diris ya fara taka ƙasa daidai da kiɗan. Ƙafarsa ce ta yi magana. Sai da waƙar ta ƙare ya gyara murya.

"Allah sarki. Juriya ke nan, Lalla likita?"

Labari ya riga Gizlan isa jami'a, kuma ta san ana jiran a ji ta janye. To, ga abin da za a samu. Kaset ɗin da Turawan nan suka yi kiɗan rawa ne, Diris ya yi gaskiya. An rubuta sau ɗaya a nan, kada wanda ya nemi a maimaita. Masu Gashin Doki kuma, bincike ya nuna minti takwas ne ba tara ba, hukuncinsu yana nan daram. Amma Mai Ruwan Tokan da ya raka Gizlan bene wata goma ba Turawa suka yi shi ba. Su sun kawo ɗanye ne, Lalla Hamra ta dafa. Mutum ɗaya tak ya taɓa jin sa a duniya, kuma ita ta ce ba a yi kamarsa ba. Wanda ke da ja, ya kawo shaidar ya saurara.

Marigayiyar ta bar kasa-kasai arba'in da uku, da biro ɗaya da ya yi mata hidima har ƙarshe, da littafin sinadarai mai rubutu a baya, da Kaka, wadda ta ce dama ta san ita za ta binne ta.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis bayan la'asar a saman bene. Za a naɗe ta cikin tawul ɗin da ta zo da shi, a ɗora ta a kan kabad, inda ƙura ba ta da kunya amma hannun yara ba ya kaiwa. Akwai shayin na'ana'a da gurasa da zuma. An keɓe wa Gwaggo Zuhur kujerar gaba. Diris zai iya zuwa, da sharaɗin ya bar ƙafafunsa a bakin ƙofa tare da takalmansa.

Si Jilali ya yi tayin wata sabuwa mai tafiya daidai. An gode, ba a karɓa ba. Maimakon haka, duk mai tsohuwar rakoda da robarta ta saki, don Allah kada ya kai ta gyara. Ya kawo ta gidan Sabti, ƙofa mai shuɗin fenti. Jarrabawar ƙarshe saura wata uku, kuma akwai sauran tudu.