Sallau Ya Ba Da Gari

"... lahiya lau, sai ganin muninka da sahe," in ji Rabo, ya iso gindin aduwa yana nishi.

"Bawa bai gaida ubangiji nai a tsaye. Zamna ka sha kashi," in ji Sallau.

Taubasai ne, Sallau ɗan namiji, Rabo ɗan mace, shekara arba'in suna dara a bakin wata rijiya ta ƙasar Dakoro. Fari ya kwashe mutanen garin zuwa kudu, har kwanan nan zakara ma ba mai amsa masa. Yau bayan azahar 'ya'yan Rabo za su ɗora shi a jaki sai Tsibiri. Sallau ba ɗa ba jika, abin yana cinsa, amma ya gwammace ya mutu da ya faɗa.

Suka haƙa gurabe, Sallau zai yi wasa da tsinke, Rabo da kashin raƙumi.

"Kowa da abin da yad dace da shi," in ji Sallau.

"Shi wannan kashin ya ga Agadas. Kai ina ka taɓa zuwa, in ba bayan gari ba?"

"Tsohon da za a ɗaure bisa jaki kamar buhun gero shi ka maganar tahiya?"

"Gero dai ana son shi. Kai ko kura ta bi ta nan sai ta yi maka sannu ta wuce."

Sallau ya yi dariya, amma maganar ta shige shi. Ya duba ƙasa, ya ga tsinke ɗaya zai matsa ya jera uku, dara ta ci gida. In ya yi haka, Rabo zai karkaɗe riga ya tafi ke nan. Sallau ya daɗe hannunsa na sama, sai ya share guraben da tafinsa, abin da bai taɓa yi wa kowa ba.

"Na ba ka gari."

"Kacici-kacici muka yi, ko tsuhwa ta taɓa ka? To wane gari? Katsina ko Kano?"

"Wanga."

Rabo ya waiga ya dubi dangogin da suka zube da rumbunan da ba komai. Ya yi dariya har ya share ido da hannun riga.

"Garin da talakka ɗaya ne, shi ma mummuna." Ya jawo kashin raƙuminsa. "A sauke jakin. Sarki bai tahiya ranar da anka naɗa shi. Haƙa, talakka."