Kwana-Kwanan Hor Al Anz

Ba zan taɓa mantawa da Juma'ar da na kashe gobarar da ba ta tashi ba, a bainar jama'a, a birnin Dubai. Ni dama can matsoraci ne, sai Dubai ta ƙara mini. Tun ranar da na sauka 'yan'uwa suka ja mini kunne cewa nan ba Kano ba ce, ɗan kuskure kaɗan sai a soke maka biza a sa ka a jirgi. Ni kuwa da aikin da nake yi a wani kamfanin kago, masu jigilar kaya, nake riƙe gidanmu, don haka ko muryata ba na ɗagawa a titi.

Akwai abokin aikina ɗan Filifin, Jun, mutum mai shiru-shiru. Ashe makaɗin ganga ne a wata 'yar ƙungiyar kiɗan rok da suka haɗa da kansu, ba kamfani ba ubangida. Ya roƙe ni in zo kallon wasansu na farko. Na ji nauyin ƙi, sai na ja Sani, ɗan garinmu, wanda muke ɗaki ɗaya a unguwar Hor Al Anz, muka tafi bayan la'asar.

Wurin tsohon sito ne, babu taga, ƙofa ɗaya tal, ga mutane maƙil. Nan take na hau tunanin ta inda za a fita in wuta ta tashi. (A makon ne aka yi mana horon kashe gobara a ofis, har aka naɗa ni mai kula da hawan benen da muke aiki, to abin bai gama sakina ba.) Aka fara kiɗa. Jita tana ƙara kamar injin markaɗe, ganga kuma a ƙirjina nake jin ta. Samari suka hau tsalle suna bangaje juna.

"Sani, faɗa ake yi? Mu fita kafin 'yan sanda su zo!"

"Rawa ce, habibi. Kwantar da hankalinka."

Ban kwantar ba. Can sai na hango hayaƙi yana tasowa daga bayan Jun, fari, mai kauri, ga wani jan haske yana lasar bango. Mawaƙin ya kurma ihu, jama'a suka ɗauka. Shi kuwa Jun, bawan Allah, ido rufe yake ta dukan ganga.

"Innalillahi! Gobara!"

Sani ya riƙo rigata yana cewa, "Tsaya mana, shwaiya, a hankali!" Ina! Na fizge, na sunkuci jar tukunyar kashe wuta da ke jikin bango, na haye dandamali (ni da matakala ke sa ni haki), na zare fil yadda aka koya mana, na saki farin gari. Wallahi ban rage komai ba.

Kiɗa ya tsaya cak. Jun ya koma fari fat, sai ido kawai. A gefen ƙafarsa ga wani ɗan baƙin akwati da waya a jikinsa, ya sake yin "fuss", ya feso hayaƙi. Ashe injin hayaƙi ne na ƙawata wasa.

Masu gadi biyu suka shiga da ni wani ɗan ɗaki. A nan na san tsoro. Ina ta ganin kaina a filin jirgin Kano da jaka ɗaya, ina neman abin da zan faɗa wa Hajiyarmu. Sani yana bakin ƙofa yana haɗa Larabci da Turanci da rantsuwa, wai don Allah ban da 'yan sanda.

Mai wurin ta shigo, wata Balarabiya, fuska a ɗaure. Ta tambaye ni dalili. Na ce na ɗauka abokina zai ƙone. Ta dube ni, ta dubi Jun da ya biyo ta yana tari, sai ta tuntsire da dariya har da riƙe ciki. "Khalas, ya wuce," ta ce, ta miƙo mini tsintsiya. Haka na share dandamalin nan tas, 'yan kallo suna yi mini tafi. Bizata ta tsira, mutuncina ne dai bai fita daga siton nan ba.

Washegari ina shiga kasuwar Deira wani ɗan kasuwa Bahaushe ya ƙwala mini kira: "Kwana-kwana! Yalla, maza a kawo ɗauki, ga Alhaji can ya kunna turaren wuta!" Shaguna suka ɗauki dariya. Ashe Sani ya riga ni zuwa da labarin.

Abin da na koya shi ne, in ka ga hayaƙi masu wuri suna rawa, tambaya tukuna. In kuma ya zama dole ka ji kunya a ƙasar waje, to kada ka tafi da ɗan garinku.