Abin da Zakaran Inna Ya Haɗiye

Na zo hutu Rimawa da wata ƙwayar lantarki ta aikin digirina, 'yar mitsitsiya kamar tsabar shinkafa, wadda ke hana rediyo sauka daga tasha in zafi ya tsananta. Aron malamina ce, babu ta biyu. Na ce ranar garinmu ta fi kowane ɗakin gwaji, na shanya ta a faifai ina yi wa matan gida lacca. Ban rufe baki ba zakaran Inna ya haɗiye ta.

Na ce, "A yanka shi!"

Inna ta ce, "A yanka mi? Bi shi dai."

Haka na wuni ina tonon kashin kaji da tsinke. Washegari ta fito, kuma alhamdulillahi tana aiki.

Har yau in zakara ya yi cara, sai Inna ta ce, "Injiniya, tasharka ta kama."