Rasuwar Tef ɗin Orville Pettway

Da zuciya cike da baƙin ciki, da takaicin da ya fi baƙin cikin yawa, Orville Pettway mai busa ƙaho, na birnin Newark, yana sanar da rasuwar tef ɗinsa na ɗaukar sauti, yana da shekara ashirin da ɗaya.

An haifi marigayin wata Talata a 1957, ranar da Orville da abokansa huɗu suka ɗauki kiɗan jaz guda shida. Kamfanin faifai ya saurara, ya ce ba za su sayu ba, ya kulle biyar a sito. Na shidan aka miƙa wa Orville. A cikinsa kaɗai ya busa ƙaho minti huɗu cur ba wanda ya katse shi, kuma shi kansa ya san bai sake yin busa irin ta ranar ba.

Marigayin mai haƙuri ne. Ya zauna a kwalinsa bai taɓa ƙorafi ba, har lokacin da Lurleen, uwargidan Orville, ta sauke shi ɗakin ƙarƙashin ƙasa don ta samu wurin ajiye huluna. Can ruwan sama ya riske shi shekara uku a jere.

Bana kamfanin ya tuna da su. Aka ce za a tattara tsofaffin kiɗan a faifai guda, a kawo na shidan. Orville ya sa kwat, ya rungumi kwalin har ofis. Aka ɗora marigayin kan na'ura, ya yi tari, sai ga muryar Roscoe mai ganga, ɗaya daga cikin abokan nan huɗu, wanda ya daɗe a kabari:

"Kai, ƙaton banza, busa mana! Ko sai an aiko maka da goron gayyata?"

Aka ji Orville a cikin tef ɗin ya ja numfashi zai busa. Daga nan tef ɗin ya saɓule, ya zube ya zama gari.

Ya bar 'yan'uwa biyar, duk suna kan sabon faifan. A cikinsu Orville rakiya kawai yake yi daga baya, kuma an rubuta sunansa "Orval Petty". Marigayin ya kuma bar Lurleen, wadda har yanzu take cewa, "To ni na aiko ruwan?"

Za a binne shi ranar Asabar da ƙarfe biyu a bayan gida, kusa da tumatir. Akwai kaza da wake. Ana roƙon masu ta'aziyya kada kowa ya ce, "Ai sai ka sake busawa." Haƙoran gaban Orville, waɗanda ƙaho ba ya busuwa sai da su, sun riga marigayin tafiya.