Hiya da Lisin

Wani direba ne, shekara guda cur yana zaman kashe wando, sai aka kira shi gwajin aiki a wani kamfani. Aka ce masa manajan ba ya jin Hausa, sai Turanci. Gogan naka kuwa Turancinsa bai wuce "yes sa" ba. Ya garzaya wurin mijin yayarsa, malamin makaranta.

"Malam, ka taimake ni da Turanci mai nauyi, wanda zai girgiza manaja."

Malam ya ce, "A yini ɗaya? To, riƙe kalma biyu: hiya da lisin. Duka aikin kunne ne, amma da bambanci. Hiya, ƙara ce ta faɗo maka a kunne ko ba ka so, kamar janaretan maƙwabta. Lisin kuwa, kai ne ka tattara hankalinka ka bi magana. Ba a lisin sai da hiya, amma ana hiya ba lisin. Sannan in ka shiga ofis, babban abin da za ka kiyaye..."

Ina! Mutumin har ya sa takalmi.

Washegari da safe ya tsare matarsa da darasi. Ta ce, "Maigida, rigarka a baibai take."

"Kin ga hiya ke nan..."

"Na ce rigarka a baibai take!"

"Ke dai ba ki son ilimi," in ji shi, ya fice abinsa.

A kamfani aka ba shi makullin mota. Manaja ya zauna a baya, akawu a gaba yana fassara. Manaja ya yi magana, akawu ya ce, "Yi hagu."

Gogan ya daidaita madubi ya kalli manaja. "Yes sa! Hiya, janareta. Lisin, hankali!" Ya yi dama.

"Hagu aka ce, bawan Allah!"

"Bari in ƙarasa masa, akawu, ka ga yana jin daɗi."

Sau huɗu suka zaga shataletale ɗaya. Akawu na salati, manaja na dariya har da hawaye. Da kyar aka lallaɓo da motar bakin ƙofa. Manaja ya riƙe hannunsa ya yi dogon jawabi, akawu ya fassara tsaf, shi kuwa yana ta gyaɗa kai, yana tunanin ko ya kawo wani misalin da ya fi janareta.

Ya dawo gida yana taƙama. Matar ta tare shi a ƙofa.

"Yaya dai? An dace?"

"Ai na kashe shi da Turanci! Har hannuna ya riƙe."

"Alhamdu lillahi! To me ya ce?"

Ya sosa ƙeya. "Akwai dai Litinin a ciki. Ko in fara aiki Litinin, ko kar in kuskura su gan ni Litinin."

"Innalillahi! Ba a gabanka akawu ya fassara ba?"

"A gabana mana. Hiya dai wallahi na yi hiya, lisin ɗin ne ban samu sukuni ba."